Maganar Modu a Bakin Ya Kolo

Yawancin ranakun da na yi ina tafinta a babbar kotu sun cakuɗe a kaina sun zama abu guda: zafi, gumi, da lauyoyi masu son jin muryarsu. Amma akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da wata tsohuwa daga Zabarmari ta tsaya a akwatin shaida ta yi magana da harshen da ba ta ji, kuma da muryar da ba tata ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in tattara komatsaina in bar muku kujerar, to ga shi. Ku ajiye wayoyin nan tukuna.

Ga wanda bai san aikin ba, harshen babbar kotu Turanci ne. Ko da alƙali da lauyoyi da wanda ake tuhuma duk 'yan unguwa ɗaya ne, ko da a sahu ɗaya suka yi sallah, abin da zai shiga rubutun Mai Shari'a sai ya bi ta Turanci. Nan tafinta yake cin abincinsa. Ana rantsar da shi kamar yadda ake rantsar da shaida, cewa zai juya magana yadda take, ba ƙari ba ragi. Ni a unguwar Hausari aka haife ni, mahaifina Bahaushe ne baduku, mahaifiyata Kanuri, don haka harsunan biyu a kwano ɗaya na ci su. Turanci kuwa da bulala ya shiga, shi ya sa ya zauna.

Mai Shari'ar da nake yi wa aiki a lokacin dattijo ne mai sanyin magana, da hannunsa yake rubuta duk abin da aka faɗa, kuma sam bai yarda da kunnensa ba idan Turanci ya fito daga bakinmu na Borno. Yana da gaskiyarsa. Akwai wasu kalmomi uku da suka yi kama kamar 'yan ɗaki ɗaya, dukkansu a kan magana suke, kuma kowacce tana iya kifar da shari'a. Ta farko recount. Ba sake ƙidayar ƙuri'a nake nufi ba, wannan ta 'yan siyasa ce. Ina nufin mutum ya ba da labarin abin da ya gani ko ya ji, ya kuma fahimta. Ta biyu recite, wato ya kawo hadda, kalma bayan kalma, ko ya san ma'ana ko bai sani ba, kamar ɗan firamare da taken ƙasa. Ta uku recant, wato ya janye maganarsa, ya ce abin da ya faɗa a baya ba haka ba ne. To a bakinmu ta farko da ta uku duk “rikan” suke fita, alhali ɗaya tana nufin ya faɗa, ɗayar tana nufin ya lashe. Saboda haka duk lokacin da wani ya furta ɗaya daga cikinsu, Mai Shari'a sai ya ɗaga biro ya ce, “Faɗa min baƙaƙenta ɗaya ɗaya.” Abin yana ba ni haushi a lokacin, ina ganin kamar raina mana ilimi yake yi.

Shari'ar ta kisan kai ce. 'Yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, Modu babba da Bukar ƙaninsa, suna noman shinkafa a Zabarmari. Asalinsu wani ƙauye ne can wajen tafki, tashin hankalin shekarun nan ya koro su tare da tsohuwarsu, Ya Kolo. Samarin sun shiga mutane, sun koyi Hausa a gona da kasuwa. Tsohuwar kuwa tana cikin gida, in ba Kanuri ba ko sannu ba ta iya mayarwa. Wata rana da hantsi, lokacin girbi, aka kawo Modu gida da sara a gefen wuya, ya cika a kan cinyar uwarsa kafin a samo mota. Aka ce faɗuwa ya yi a kan lauje. Ana cikin zaman makoki sai wani ɗan'uwan matar Modu ya ji wani abu daga bakin tsohuwar, ya zame ya tafi wurin 'yan sanda, aka zo aka kama Bukar.

Ba wanda ya ga saran. Mutumin da ya ɗauko Modu daga gona, wani ɗan cirani ana ce masa Malam Sani, ya koma garinsu bayan girbi, an neme shi an rasa. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne maganar da mamacin ya yi kafin ransa ya fita, domin doka tana karɓar irin wannan magana daga bakin wanda ya ji ta. Wadda ta ji kuwa ita ce uwarsu. In kotu ta yarda da maganar, hukuncin Bukar rataya ne. Wato tsohuwa ta binne ɗa ɗaya, yanzu an kira ta ta ba da shaidar da za ta rataye ɗayan. Da rajistara, abokina Malam Yohanna, ya ba ni wannan bayani, sai na ce masa ko dai zuciyar matar nan dutse ce, ko kuwa akwai abin da ba mu sani ba. Ya ce in rage surutu in je in sha ruwa, yau bakina zai yi aiki.

Ranar ba wuta, janareta kuma an ce ba mai, don haka aka buɗe tagogi, fankoki suna tsaye. Ƙa'ida ce shaidu su zauna a waje inda ba za su ji abin da ake yi a ciki ba, sai an kira su. Lauyar gwamnati, Barista Rifkatu, yarinya mai natsuwa daga kudancin Borno, ta miƙe ta ce shaidarta ta gaba za ta ba da labarin maganar ƙarshe ta mamacin. Mai Shari'a ya ɗaga biro, ta faɗi baƙaƙen recount, ya rubuta.

Aka shigo da Ya Kolo. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙar lafaya da ta koɗe, tana tafe tana dafa bencuna. Na ce mata wushe, wato sannu da Kanuri, ta amsa ba tare da ta dube ni ba, domin idonta yana can kan akwatin da Bukar yake tsaye tsakanin gandirobobi. Sai ta yi masa murmushi. Ta ce da Kanuri, ƙasa ƙasa, “Ka rame. Yi haƙuri, yanzu zan faɗa musu su sake ka.”

Ba a rantsar da ita ba tukuna, don haka ba aikina ba ne in fassara. Na dai ga lauyan Bukar, Barista Kyari, wanda shi ma Kanuri ne, ya ɗago kai ya kafe ta da ido.

Farkon shaidar lafiya lau. Sunanta, inda take zaune, yadda aka shigo da Modu, yadda ta ɗora kansa a cinyarta ta danne wurin da gefen zaninta. Barista Rifkatu ta tambaya ko ya yi magana. Na juya mata.

Ta ce, “Ya yi. Ba da ni ya yi ba, da baƙon da ya kawo shi ya yi. Amma na riƙe.”

“Faɗa wa kotu abin da ya ce.”

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta ɗago hannayenta biyu ta tallafe su a gabanta, kamar mai riƙe da ƙwarya cike da ruwa. Ta ja numfashi, kuma numfashin da ya shiga ba irin nata ba ne, yana da wani kurman sauti kamar ana jan ruwa da tsinken kara. Sannan murya ta fito. Muryar namiji ce, mai kauri, daga can cikin ƙirji, kuma Hausa take yi tsaf, irin Hausar gona, har da yadda mutanenmu suke taushe ƙ ta koma k.

“Malam Sani... matso. Bukar ne. Da lauje. A kan ruwan injin nan.” Sai tari, sau ɗaya, jiƙaƙƙe. “Ku ce faɗuwa na yi. Kar Ya ta sani. Ka ji ko? Kar Ya ta sani.”

Ya, da Kanuri, uwa ke nan.

Ni ba jarumi ba ne, kun sani. In da wata hanya, ko ta gaban maƙabarta ba na bi da rana tsaka. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya, ga zafi amma sanyi nake ji. Ina tsaye dab da ita, na ga maƙogwaronta yana motsi, na san daga nan muryar take fita, amma zuciyata ta ƙi yarda. Mai Shari'a yana jin Hausa, lauyoyi suna ji, gandirobobi suna ji, masu kallo suna ji. Duk wanda ke cikin ɗakin nan ya gane abin da aka ce, ban da wadda ta faɗa. Bukar ya sulale ya durƙusa a cikin akwati, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.

Mai Shari'a ya ce, “Malam Aji.”

Sai a lokacin na tuna ni ake jira. Na juya maganar zuwa Turanci. Ina gamawa tsohuwar ta saki hannayenta, ta ɗago ta bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce da muryarta ta asali, siririya, “Ka gani ko? Haka kowa yake yi. Duk wanda na faɗa wa sai ya sunkuyar da kai.” Wannan ma sai da na fassara.

Barista Kyari ya miƙe. Gajere ne, rigar lauyansa kullum kamar ta wani ya aro, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta aro ba ce. Ya ce, “Ya Mai Shari'a, an ce mana shaida za ta ba da labari. Wannan ba recount ba ce, recite ce. Hadda muka ji.” Mai Shari'a ya ce ya zauna, lokacinsa yana zuwa. Da lauyar gwamnati ta gama, aka ba shi dama ya yi wa shaida tambayoyin ƙure, wato tambayoyin da lauyan ɗaya ɓangaren yake yi don ya gwada ƙarfin shaidar. Ko da yake yana jin Kanuri fiye da ni, dole da Turanci zai tambaya, ni in juya.

“Kina jin Hausa?”

“Ba na ji.”

“Ko kaɗan?”

“Na san sunan Bukar a ciki. Na san Ya.”

“Wa ya koya miki maganar nan?”

“Ba wanda ya koya min. Sau ɗaya ya faɗa, ta shiga. In na kwanta tana yi, in na tashi tana yi.”

Ya ce ta faro daga tsakiya, daga wurin lauje. Ta gwada, ta kasa. Ta ce ba ta da tsakiya, daga kai take zuwa. Ta sake tallafe hannu, numfashin nan ya sake shiga, muryar ta dawo, tarin ya faɗo daidai inda ya faɗo ɗazu, ba gaba ba baya. Na ji Malam Yohanna a teburinsa yana ambaton Yesu a hankali. Ni ma abin da nake karantawa a zuci ban san farkonsa daga ƙarshensa ba.

“Kin taɓa tambayar wani ma'anarta?”

“Na tambayi liman, ya ce addu'a ce. Na tambayi matar Modu, ta rufe fuska ta fita. Na tambayi ɗan sandan, ya ce in dangwala yatsa kawai.”

“A ganinki me ɗanki ya ce?”

Ta dubi akwatin Bukar. “Sunan ƙaninsa ya kira, ya kira nawa. Amanata yake ba shi. Yaya za a tsare yaron da wansa ya ba amana?”

Nan na gane komai. Maganar tana ɗauke da makullinta a jikinta: duk wanda ya ji ta ya ji wasiyyar mamaci cewa kada uwar ta sani, sai ya kama bakinsa. An gaya mata an kwashi Bukar ne tare da waɗanda suke gona ranar, abin da ba baƙo ba ne a shekarun nan. Ita kuwa ta yi ta yawo da igiyar ɗanta a baki, tana tsammani mabuɗin kurkuku ce.

Barista Kyari ya gyara rigarsa. Bai dube ni ba. Ya ce, “Ina sanar da ke cewa maganar da kika kawo wa kotu tana nufin ɗanki Bukar ne ya sari ɗanki Modu da lauje. Kin san haka?”

Ba mugunta ce ta sa shi ba. Lissafinsa a fili yake: in uwar ta san abin da take faɗa, za ta janye, in ta janye, Bukar ya tsira. Amma shi da Turanci ya yi tambayarsa ya wanke hannu. Bakin da zai karya wasiyyar Modu nawa ne. Na waiwaya, sai ga Bukar ya miƙe ya riƙe katakon akwati, yana girgiza min kai, hawaye har gemu.

Na ce, “Ya Mai Shari'a, ko za a sake wa tambayar tsari?”

A duk shekarun da na yi gabansa ban taɓa roƙon irin wannan ba. Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya ce, murya ƙasa, “Tambayar ba ta saɓa ƙa'ida ba. Ka yi rantsuwa, Malam Aji.”

Na juya ga tsohuwar na faɗa mata da Kanuri, a taƙaice yadda zan iya. Na ji ƙyamar kaina, na ji haushin lauyan, na ji haushin ranar da na nemi aikin nan.

Ba ta yi kuka ba, ba ta faɗi ba. Ta tsaya kamar ba ta ji ba, har na fara tunanin ko in maimaita. Can ta ce, “Tadanyi,” wato ɗana, “maganar ta fi abin da ka faɗa tsawo. Zan kawo ta, ka tsayar da ni, ka juya min gaɓa gaɓa.” Na sanar da kotu. Lauyoyin biyu ba wanda ya ja, Mai Shari'a ya ɗaga kai alamar a yi.

Ta tallafe hannu. Muryar ta zo, ni kuma ina ɗaga yatsa tana tsayawa, kamar tana jirana. Wannan ya fi komai tsorata ni, domin ji na yi ba tsohuwa nake yi wa tafinta ba, Modu nake yi wa. Bukar ne, na juya. Da lauje, na juya. A kan ruwan injin nan, na gaya mata rigimar ban ruwa ce. Tari.

“Ku ce faɗuwa na yi.”

Na juya.

“Kar Ya ta sani. Ka ji ko? Kar Ya ta sani.”

Na ce, “Ya ce kada ki sani.”

Ta ce, “Ni?”

“Ke.”

“Sau biyu ya faɗa.”

“Sau biyu.”

Ta dubi tafukan hannunta, ta sauke su a hankali kamar mai ajiye abu a ƙasa. Ta kama gefen lafayarta ta goge bakinta. Sannan ta ɗago ta dubi Mai Shari'a kai tsaye ta ce, “Nonginyi.” Ma'ana, ban sani ba.

Kafin in buɗe baki Barista Kyari ya zabura yana cewa shaida ta “rikan”. Barista Rifkatu ita ma ta miƙe tana cewa ai shaida ta riga ta “rikan”, magana ta ƙare. Sauti ɗaya suke fitarwa, kowa da abin da yake nufi, shi yana cewa ta janye, ita tana cewa ta ba da labari. Mai Shari'a ya buga tebur ya ce duk su zauna. Ya ɗaga biro ya dube ni.

“Malam Aji, kai ka ji ta da harshenta. Wacce a ciki? Faɗa min baƙaƙen.”

Ku saurara da kyau, ku da za ku gaji kujerar nan. A wannan lokacin, in na ce r, e, c, a, n, t, Bukar ya kama hanyar gida. In na sa o da u a tsakiya, ya kama hanyar igiya. Ba wanda zai ƙure ni, domin lauyan da ke jin Kanuri janyewar yake so. Wallahi zuciyata ta karkata, ina so in ce ta janye, saboda tsohuwar nan da ke tsaye kusa da ni tana warin hayaƙin murhu irin na mahaifiyata. Amma ba ta ce ƙarya ta yi ba. Ba ta kuma ce gaskiya ne ba.

Na ce, “Ya Mai Shari'a, ba ko ɗaya. Abin da ta ce shi ne, ban sani ba. Ba ta ƙara komai a kai ba.”

Ya rubuta. Ya ce in tambaye ta kai tsaye: shin tana nufin abin da ta faɗa wa kotu ɗazu ba gaskiya ba ne?

Ta ce, “Ni ban faɗi komai ba. Modu ne ya faɗa. Ku tambaye shi.”

Da na juya wannan zuwa Turanci, na ga wasu daga masu kallo sun waiga bayansu.

Lauyar gwamnati tana da damar sake tambaya bayan tambayoyin ƙure. Ta miƙe ta ce a roƙi shaida ta sake kawo maganar sau ɗaya, don kotu ta tabbata tana kan bakanta. Na gaya wa Ya Kolo. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗaga hannayen, ta ja numfashi, ta buɗe baki. Iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, ba komai. Na sha ganin shaidu masu ƙaryar mantuwa, na san fuskarsu. Wannan ba ita ba ce. Mamaki ne a fuskarta, irin na wadda ta shiga ɗaki ta tarar an kwashe kaya. Ta dafa maƙogwaronta ta ce, “Tun ranar yana nan. Yanzu ya tafi.”

Aka ɗage zama. Na fita na zauna ƙarƙashin dogon yaro, Malam Yohanna ya kawo min ruwa.

Bayan wasu watanni aka yanke hukunci, ni na juya wa Bukar shi da Kanuri. Mai Shari'a ya ce shaidar ba ta ba da labari ba, domin mutum ba ya ba da labarin abin da bai fahimta ba. Ba ta kuma janye ba, domin ba ta taɓa cewa ƙarya ne ba. Hadda ta kawo. Wanda aka yi maganar dominsa, wanda ya ji ya gane, ba a kawo shi ba, kuma kotu ba ta da hanyar tabbatar da cewa ba wani ne ya cusa wa tsohuwar kalmomin ba. Ya ce ba zai rataye mutum a kan hadda ba. Aka sallami Bukar. Ko ya yi ko bai yi ba, ni ba alƙali ba ne, ina dai da kunne.

Da na fito na tarar da ita a bakin ƙofar harabar, ta tsayar da keke mai ƙafa uku, Bukar yana zaune a ciki kansa tsakanin gwiwoyi. Ta yafito ni. Na je ina jiran tsinuwa, kuma da ta tsine da ban ga laifinta ba.

Ta ce, “Tadanyi, maƙwabtanmu Hausawa ne, za su yi ta tambaya. Waccan gaɓar da Modu ya ce a faɗa, ta ɓace min tare da sauran. Koya min ita da Hausa, yadda ni zan faɗe ta.”

Na ce, “Faɗuwa ya yi.”

Ta maimaita, ta karkace. Na gyara mata. Ta sake, ta sake, mai keke yana kallonmu, Bukar kuwa kafaɗunsa suna rawa. Da ta zauna mata daidai, ta shiga ta zauna kusa da shi, ta gyara lafayarta don kada iska ta ja, suka tafi.

Abin da na koya ke nan. Mutane suna ganin tafinta bututu ne, magana ta shiga nan ta fita can. Ba haka ba ne, duk abin da ya bi ta bakinka sai ya bar maka wani abu. Har yau nakan tsinci kaina a kan tabarma ina jan numfashin nan, leɓena suna motsi, har da wurin tarin, sai iyalina ta taɓa ni ta ce da wa nake. Kada ku yarda a sa ku zaɓi kalmar da shaida bai zaɓa ba, ko da tausayi ne ya kama ku, ko da lauyoyi biyu suna ihu a kanku. In an ce ku faɗi baƙaƙe, ku faɗa ba tare da jin haushi ba. Kuma ku riƙa duban fuskar mai magana, ku tabbata ya san abin da bakinsa yake ɗauke da shi.

Wani direba da ke jigilar shinkafa daga Zabarmari ya gaya min tana nan da rai, a gida ɗaya da Bukar, ita take dafa masa abinci. Har yanzu ba ta iya sannu ba. Amma duk baƙon da ya zo ya ambaci Modu, sai ta dube shi ta ce da Hausa, faɗuwa ya yi. A wannan karon ta san ma'anar kowace kalma.